RUWA BA YA TSAMI BANZA: Bayani a Kan Tsabtar Ruwa da Dokar Hana Kamu a Ƙasar Kura

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Amma akwai ruwan da ba ya tsami, ba ya wari, ba ya sāke launi, ga shi garau kamar na rijiya, alhali kuwa cuta tana cikinsa. Irin wannan ruwa shi ya fi wuyar sha'ani ga mai riƙon jama'a, gama idan hukuma ta ce kada a shiga, ko kada a yi su a cikinsa, talakawa za su duba su ga ba kome, su ce neman fitina ne kawai. An shirya wannan takarda domin Hakimai da Malamansu, musamman na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani da ruwan Tiga, don su san dalilin da ya sa akan rufe ruwa, da yadda akan gane lokacin rufewa, da kuma sharaɗin buɗewa. Wanda ya san dalilin doka, shi ke iya bayyana ta ga Dagatai har su karɓa da zuciya ɗaya.

DARASIN MUTANEN BAKIN TEKU

Waɗanda suka fara koyon wannan darasi, da wahala kuwa suka koye shi, su ne mazauna tashoshin jiragen ruwa na bakin teku. A can akwai wata halitta mai ɓawo biyu da ake kira kawa, wadda ake samun danginta a kogin Kwara da na Binuwai. Kawa ba ta yawon neman abinci. Tana manne wuri guda, tana zuƙar ruwa, tana tace abin da ke ciki, tana fesar da sauran. Babbar kawa guda, idan yanayi ya yi mata daidai, tana iya tace ruwan da ya kai lita 190 a yini. Saboda haka duk ƙazantar da ke warwatse cikin ruwa mai yawa sai ta taru a cikin ɗan namanta. Mutanen waɗannan ƙasashe kuwa sau da yawa ɗanya suke cin ta.

A kudancin Ingila akwai wani gari mai tashar jiragen ruwa, sunansa Emsworth, wanda ya shahara da cinikin kawa. Magudanar ƙazantar garin tana zuba kusa da ramukan da ake ajiye kawar kafin a sayar. A watan Nuwamba na 1902 aka kai kawar garin wajen liyafar manya a Winchester da Southampton. Mutane da dama suka kwanta da zazzaɓin taifot, waɗansu suka mutu, har da babban limamin cocin Winchester. Da labari ya bazu, sai kasuwar kawar Emsworth ta faɗi warwas, masunta masu yawa suka rasa sana'a, har da waɗanda ba su da laifin kome.

A Amurka ma, cikin hunturun 1924 zuwa 1925, taifot ta kama mutum fiye da 1,500 a biranen New York da Chicago da Washington ta hanyar ɗanyar kawa, wajen 150 suka mutu. Wannan ya sa a 1925 Gwamnatin ƙasar ta tara likitoci da masu sana'ar, aka kafa tsarin duba ruwan da ake kamun kawa a ciki, wanda ake bi har wa yau. A birnin Shanghai na ƙasar Sin kuwa, a 1988, wani dangin kawa da aka kamo daga ƙazantaccen ruwa ya sa wa mutum wajen 300,000 ciwon hanta mai kawo shawara.

Akwai kuma labarin Minamata a ƙasar Japan, wanda ya nuna illar jinkiri. Wata masana'anta tana zubar da ruwa mai zaiba a lungun tekun garin. Kifi da kawa suka tara zaibar a jikinsu. Kyanwoyin gari su suka fara haukacewa suna mutuwa, sa'an nan a 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane: makyarkyata, shanyewar gaɓoɓi, da haihuwar yara naƙasassu. A 1957 hukumar lardin ta so hana su a wurin, amma ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta ce ba a tabbatar cewa dukan kifin wurin yana da guba ba. Aka ci gaba da zubar da zaiba har 1968. Sai a 1997 aka shelanta cewa kifin wurin ya ciwu. Watau jinkirin 'yan shekaru ya jawo hasarar wajen shekara 40.

YADDA AKE RUFE RUWA DA YADDA AKE BUƊE SHI

Daga waɗannan masifu aka fitar da ƙa'idodi huɗu, waɗanda duk ƙasar da ke da hankali a kan wannan sha'ani take bi.

Ta fari, awo ke yanke hukunci, ba ganin ido ba. Likitoci ba su bin kowace cuta ɗaya ɗaya. Sukan nemi wata ƙwaya da ke zaune cikin hanjin mutum da na dabba, wadda suke kira E. coli. In an same ta a ruwa, to, an san bayan gida ya shiga, kuma inda bayan gida ya shiga, taifot da kwalara suna iya shiga. A ƙasashen Turai an kasa wuraren kamu aji uku, bisa ga yawan wannan ƙwaya cikin giram 100 na naman kawa. Ma'aunin aji na ɗaya 230 ne, kawarsa tana tafiya kasuwa kai tsaye. Ma'aunin aji na biyu 4,600, sai an tsare kawar cikin ruwa mai tsabta ta wanke cikinta, ko a dafa ta. Aji na uku iyakarsa 46,000, sai an daɗe ana tsare ta a wani ruwa, ko a dafa ta ƙwarai a masana'anta. Abin da ya wuce haka, an hana kamu ɗungum.

Ta biyu, a bi ruwa har tushen ƙazanta. Ma'aikata sukan zaga gaɓa da ƙafa, su rubuta kowace magudana, da kowane masai, da kowace masana'anta da ke zuba a wurin.

Ta uku, a sa iyaka bayyananniya. Ba a cewa an rufe teku duka. Akan ce daga alama kaza zuwa alama kaza. Akwai ma wuraren da ke buɗe kullum, amma da zarar an yi ruwan sama mai yawa sai a rufe su na 'yan kwanaki, domin malale yakan kwaso ƙazantar gari ya zuba.

Ta huɗu, kowace rufewa tana da sharaɗin buɗewa. In an sāke awo aka ga ruwa ya gyaru, sai a buɗe, a kuma yi shela.

RUWAN KURA

Ƙasar Kano ba ta da teku, mutanenta kuwa ba su cin kawa kamar mutanen gaɓa. Amma ƙa'idodin nan huɗu sun shafe ta, domin tun da aka gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya zauna a ƙasar Kura rani da damina. Kafin wannan an gwada noman rani a Kadawa da ruwan Bagauda. An gina dam ɗin Tiga don ya ɗauki ruwa wajen mita mai kusurwa biliyan 1.9. Daga nan ruwa ke bin babbar hanyar da aka haƙa masa, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya shiga tafkunan ajiya da ƙananan hanyoyi har gona. An tsara kashi na farko na aikin a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi.

Albarkar wannan ruwa ba ta ɓoyu ga kowa ba. Kura da aka sani da rini da baƙin rawani ta zama garin shinkafa, ga alkama, ga masara, ga albasa, ga tumatir da manyan motoci ke ɗauka daga Kwanar Gafan zuwa kudu. Amma an haƙa hanyoyin nan ne don ban ruwan gona. Jama'a kuwa sun mai da su wurin wanka, da wanki, da shayar da dabbobi, da su, wani lokaci har da ɗiban ruwan sha. Haɗarin da ke cikin wannan iri uku ne, kuma wajibi ne Hakimi ya rarrabe su, gama maganin ɗaya ba shi ne maganin ɗaya ba.

NA ƊAYA: ƘAZANTAR BAYAN GIDA

Wannan shi ne haɗarin da ya faɗa wa Emsworth. Wanda ya kewaya a bakin hanyar ruwa ya aika wa ƙauyen da ke ƙasa da shi abin da ke cikinsa. Abin ya fi tsanani da faɗuwar damina, sa'ad da ruwan farko ya wanke ƙazantar rani duka ya zuba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, ruwan sha kada a sami ƙwayar hanji ko guda cikin mililita 100, watau kashi ɗaya cikin goma na lita. Ruwan ban kayan lambu da ake ci ɗanye kuwa, ma'aunin da ta bayar a 1989 shi ne kada ya wuce 1,000 cikin wannan awo. Tafasa ruwa da dafa abinci sosai suna kashe waɗannan ƙwayoyi. Haɗarin yana ga latas, da kabeji, da tumatir, da karas, waɗanda akan yayyafa musu ruwan hanya a kai kasuwa, a ci ba dahuwa.

NA BIYU: TSARGIYA

A nan ma wata halitta mai ɓawo ce ke tsakiyar al'amarin, watau ɗan ƙaramin dodon koɗi na cikin ruwa, wanda bai wuce girman wake ba. Sai dai ba cin sa ke kawo cuta ba, shiga ruwan da yake ciki ne.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851, sa'an nan a 1915 Robert Leiper ya bayyana yadda take zagayawa, shi ma a Masar. Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan tsutsa ya fita ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito dole ya sami dodon koɗi cikin 'yan sa'o'i, in bai samu ba ya mutu. In ya samu, sai ya hayayyafa a ciki, bayan mako huɗu zuwa shida dodon koɗin ya riƙa sakin 'yan tsutsotsi masu wutsiya, waɗanda ido ba ya iya ganinsu sosai. Su ke huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, su bi jini, su girma, su zauna a jijiyoyin mafitsara ko na hanji suna ƙwai shekara da shekaru. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara ruwa.

Dodon koɗin nan yana son ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyawa, irin na ƙananan hanyoyi da tafkunan ajiya da magudanan da suka toshe. Shi ya sa tsargiya take bin noman rani kusan ko'ina a Afirka. A ƙasar Senegal, bayan an gama dam ɗin Diama a 1986, tsargiyar hanji ta ɓulla a garin Richard Toll a 1988, cikin 'yan shekaru ta game yankin. Daga baya masana suka lura cewa dam ɗin ya tare hanyar wani babban jatan lande da ke hawowa daga bakin teku yana cinye dodon koɗi. A wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2015, da aka mayar da jatan landen a wata mashaya, dodon koɗi masu cuta sun ragu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya, kuma binciken likitoci a garuruwan noman rani na Kano ya sha nuna ta a jikin 'yan makaranta.

Waɗansu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Wannan kuskure ne mai tsada. Tsargiya tana rage jini, tana hana yaro girma da fahimtar karatu. In ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kai wa ga ciwon daji na mafitsara, ga mata kuma tana iya taɓa mahaifa. Maganinta, wanda ake kira Praziquantel, yana nan tun wajen ƙarshen shekarun 1970, akan auna tsawon yaro da sanda a ba shi gwargwado, bayan ya ci abinci. Amma maganin ba ya hana sāke kamuwa. Yaron da ya sha yau ya koma ruwan gobe, ya koma gidan jiya. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu cur a tulu, tsutsotsin da ke ciki sukan mutu, ana iya wanka da shi, ko da yake wannan bai mai da shi ruwan sha ba.

NA UKU: GUBA

Wannan shi ne haɗarin Minamata, kuma dahuwa ba ta maganinsa. Tun dā waɗansu masunta sukan daka magimfa su zuba a ruwa don kifi ya bugu. Daga baya aka koma zuba maganin ƙwari mai suna Gamalin 20, wanda ke kashe babba da ƙarami, har ƙwai, ya kuma zauna cikin kitsen kifi da na mai cinsa. Sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a 2009 a daina yi da amfani da su a gona, ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba, ko nakiya, ko lantarki, ta kuma ba Kwamishinan jiha ikon rufe wani wuri ko wani lokaci ga masunta.

Guba tana shiga ruwa ta waɗansu hanyoyin kuma. Manomi ya gama feshi ya wanke tankinsa a hanyar ruwa, ko ya jefa kwalbar magani a ciki. Ruwan da ya fita daga gonaki yana komawa kogin Kano, wanda ke haɗuwa da kogin Challawa wajen Tamburawa, inda ake ɗiban ruwan da ake tacewa don birnin Kano. Kogin Challawa kuwa, da ke arewa da Kura, yana karɓar ruwan majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa, wanda ke ɗauke da sinadarin jima mai suna kuromiyam. Saboda haka kada a haɗa hukuncin ruwan Tiga da na Challawa. Kowanne sai an auna shi dabam.

BA BAƘON ABU BA NE

Kada a zaci rufe ruwa dabara ce ta Turawa kaɗai. A Argungu, wurin da ake kira Matan Fada a rufe yake ga masunta sai ranar bikin su, wanda aka fara yin sa a wannan tsari tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Sarkin Ruwa ke lura da wurin, kowa kuwa ya san iyaka, ya san ranar buɗewa, ya kuma ga girman kifin da haƙuri ke kawowa. Abin da ilimin zamani ya ƙara a kan wannan shi ne awo.

ABIN DA YA WAJABA A KAN HAKIMI DA MALAMINSA

Hakimi ba shi ke auna ruwa ba, ba shi kuma ke kafa dokar rufewa ba. Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, da na sashen kifi, da hukumar kogi. Amma shi ne idon hukuma da bakinta, kuma labari yakan iso gare shi kafin ya isa ofis.

1. Malamin Hakimi ya ajiye littafi na musamman don ruwa. Ya rubuta kowace mashaya, da wurin wanka, da wurin su a gundumar, ƙauye ƙauye, tare da abin da ke zuba a cikinsu.

2. Alamun da za a kai rahotonsu a ranar da aka gan su: kifi ya mutu da yawa ya taso, dabbobi sun sha ruwa sun faɗi, amai da gudawa sun kama gidaje da dama masu ɗiba wuri guda, ruwa ya sāke launi ko yana warin magani. A rubuta rana, da sa'a, da wuri, da wanda aka sanar. A kira duba-gari ya ɗebi ruwan tun bai wuce ba, gama ruwa mai gudu ba ya jiran takarda.

3. Kafin amsa ta zo, a gargaɗi jama'a kada su ci kifin da aka tsinta matacce, kada kuma a bari a ƙyafe shi a kai kasuwa. Hayaƙi yana ɓoye wari, ba ya fitar da guba.

4. A nemi shugabannin makarantun boko da malaman allo su faɗi yawan yaran da ke fitsarin jini, ba tare da an kunyata kowa ba. Ranar rabon magani, Dagaci ya tsaya da kansa.

5. A taimaki ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa wajen yashe hanyoyi da cire ciyawa kafin a saki ruwan rani. Hanyar da ke gudu, wadda kuma akan bari ta bushe lokaci lokaci, ba ta yi wa dodon koɗi daɗin zama.

6. In hukuma ta rufe wani wuri, a tara Sarkin Ruwa da masunta a gaya musu abu huɗu: inda aka rufe, daga ina zuwa ina, abin da aka hana, ko su ne, ko wanka, ko sha, dalilin hanawa, da abin da ake jira kafin a buɗe.

7. In an buɗe, a yi shela da ƙarfin da aka yi ta rufewa, a kasuwa da masallacin Juma'a.

Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, shi kuwa ya fi muhimmanci. Masunci da ruwa yake ci da iyalinsa. Dokar da ba ta da iyaka, ba ta da ranar ƙarewa, za ta kora shi su da dare, ya kai kifinsa kasuwar da ba a san shi ba, cuta ta tafi inda ba mai bin sawunta. Haka kuma hana yara shiga ruwa ba zai ɗore ba sai an samar da rijiya ko famfo, da masai a kusa da gonaki. Amma jama'ar da ta ga an rufe da dalili, an kuma buɗe a kan alkawari, za ta yi biyayya karo na gaba tun kafin a aiko ɗan sanda.

Mutanen Emsworth sun yi hasarar sunansu a kasuwa saboda liyafa ta dare guda. Shinkafar Kura da tumatirinta da kifinta suna tafiya nesa bisa amana, kuma amanar tana farawa ne daga bakin hanyar ruwa. Rigakafi ya fi magani.